Ziblim Wanzam da Kan Alhaji Iddrisu

Duk wanda ya zauna a unguwar Nima a shekarar da manyan motoci suka yi ta sauke mutanenmu da aka koro daga Legas, ya san Ziblim Wanzam. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa, don mutumin nan ko gaisuwa zai yi sai an jiyo shi har unguwar Maamobi da ke maƙwabtaka. A gindin wata darbejiya yake zama, dab da shagon Hajiya Zuera mai lamurje da ruwan sanyi, ga zabirarsa ta fata, ga dutsen washi, ga tasar ruwa da guntun sabulu. Shekara talatin yana aski a wurin. A faɗarsa, da aska a hannu aka haife shi, har sai da ungozoma ta yanke a yatsa.

Cikin waɗanda suka dawo akwai Seidu, ɗan unguwa, wanda ya sauka ba ko akwati, sai wani ɗan injin aski mai aiki da lantarki da ya ɓoyo a cikin safa. Ya kafa shagon katako a tsallaken titi, ya rataye madubi biyu, ya kunna kaset. Kafin wata uku samari sun ƙare ƙaf a gindin darbejiya.

Ziblim ya ce shi ko a jikinsa.

"Kan ɗan Adam ciyawa ne da za a sa masa inji?" Haka yake faɗa kullum yana wasa aska. "Abin nan ƙwaƙwalwa yake kaɗawa. Ku ba su shekara biyu, wallahi yaran nan sai sun manta sunan iyayensu."

Abin da ya riƙe shi guda ɗaya ne, kan Alhaji Iddrisu mai goro. Shekara ashirin da biyu, kowace Juma'a da hantsi, Alhaji yana zuwa ya cire hula ya miƙa kai. Dattawan unguwa kuwa, su goma sha ɗaya, inda kan Alhaji ya je nan nasu yake zuwa. Ziblim ya san kan nan fiye da tafin hannunsa, ya san inda ya lotsa, ya san ɗan tudun da ke bayan kunnen hagu. In ya rasa shi, ya rasa sauran, sai dai ya naɗe zabira ya koma gida ya riƙa taya matarsa Salamatu tace koko.

Ranar wata Talata Hajiya Zuera ta leƙo daga shagonta, bakinta har ƙaiƙayi yake.

"Wanzam, ka ji labari? Alhajinka ya shiga shagon Seidu."

"Wucewa dai ya yi."

"Wucewa? Na sayar da kwalba tara kafin ya fito. Da idona na gani, ƙiri-ƙiri."

 Ziblim ya ji tsoro, tsoro na gaske, har askar ta kusa suɓuce masa. Amma mutane na kallo, bakinsa kuma bai taɓa jiran shawarar zuciyarsa ba. Ya miƙe ya kaɗe riga.

"Inji yake so? Wai inji? Ni da na san inji tun Seidu bai san hanyar makaranta ba! Raini ne ya hana ni taɓawa, ba rashin iyawa ba. Ku shaida, ranar Juma'ar nan, a gindin bishiyar nan, da inji zan yi wa Alhaji aski. Kowa ya zo da idonsa."

Kafin la'asar magana ta zaga Nima ta dawo. Da ya shiga gida Salamatu tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗago ba.

"Maigida, wai kai ne za ka riƙe abin lantarki?"

"Ni ne."

"Kai da ke kunna ƙwan fitilar ɗaki da sandar tsintsiya?"

"Wannan taka-tsantsan ne. Ke ba ki san sha'anin maza ba. Komai na duniya shirya zuciya ne. Kwana biyu zan shirya tawa, a na uku ki ji ana tafi."

"Yoo," in ji Salamatu. "Allah ya sa tafin a hannu za a yi, ba a kumatu ba."

Shirin nasa hawa uku ne: kunne ya saba da ƙara, hannu ya saba da rawa, sannan a zo ga injin kansa. Laraba da safe ya shiga shagon Hajiya ya nemi izinin ya jingina da firij. Hajiya ta ce ya jingina, ba a biya. Ya zauna ya manna bayansa, ya harɗe hannu, yana kallon masu wucewa yana gyaɗa kai.

"Kin gani? Ko gezau. Wannan ne lantarkin da ake ta faɗa?"

"Ai bai tashi ba tukuna, hutawa yake."

Ba ta rufe baki ba firij ya yi wata girgiza ya kama ruri. Ziblim bai san lokacin da ya tsallake akwatin kwalabe ba. Sai ganinsa aka yi a bakin kwata, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a cikin bokitin lamurje. Hajiya ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye.

"Gwada ƙafafuna na yi," in ji shi yana haki. "Mai aiki da wuta dole ya san saurinsa. Hawa na ɗaya ya kammala."

Da azahar ya nufi wurin Issaka mai injin niƙa, wanda 'yan unguwa ke kira nika-nika. Mata sun yi layi da bokitan jiƙaƙƙiyar masara. Ziblim ya yi bayani da ihu, Issaka ya amsa da ihu, aka ba shi wuri ya dafa mazurarin injin da hannu biyu. Haƙoransa suka kama kaɗawa, kumatunsa na rawa, amma ya cije. Da ya ga mata na kallonsa sai ya saki hannu ɗaya, ya sunkuya cikin mazurarin wai yana duba lafiyar injin. Hularsa ta zame ta bi masara. Injin ya yi tari sau biyu ya haɗiye ta, can sai ga ƙullin wata mata 'yar ƙabilar Ga yana fitowa da jan zare da kore.

Matar ta dubi ƙullin tuwon dokununta, ta dubi kan Ziblim. Abin da ta faɗa da yaren Ga ba zan maimaita shi ba, amma ta bi shi da shi har bakin titi, da ludayi a hannu.

Ya dawo gida fari fat, ba hula, kunne ya toshe. Salamatu ta miƙa masa ruwa, rabi ya zube a riga saboda rawar hannu.

"Ina hular?"

"Na yi sadaka da ita!" ya faɗa da ƙarfin da ya sa kaji suka watse. "Hawa na biyu ya kammala!"

Alhamis ya tura kekensa cikin gari, ya dawo a motar hayar da ake kira trotro, ba keke, da wani tsohon injin aski mai jikin ƙarfe a naɗe cikin jarida. Ya shimfiɗa buzu a tsakar gida, ya ɗauko dutsen washi. Shi a saninsa duk abin da zai taɓa kan mutum sai an wasa shi, don haka ya bi haƙoran injin ɗaya bayan ɗaya, ya goga a dutse, ya goga a fata. Sannan ya ɗora busasshiyar kwakwa a kan turmi ya fara gwaji. Wayar tana yashe a ƙasa, bai sa ta a bango ba. Ƙarar da bakinsa yake yin ta.

"Zzzzz. Sunkuya kaɗan, Alhaji. Zzzzz."

Matan gidan haya suka bar wanki suka zo kallo. Salamatu ta tsaya da hannu a ƙugu.

"Maigida, tsakanin kai da shi wane ne injin?"

"Kada ki katse ni, ina bayan kunne."

 Ta ɗauki bakin wayar ta zura ta taga ta cusa a soket. Injin ya farka a hannunsa yana kuka. Ziblim ya yi salati ya watsar da shi. Abin mamaki, injin bai tsaya inda ya faɗi ba, rawar da yake yi ta sa ya kama tafiya a kan siminti, kai tsaye wajen mai shi. Ziblim ya ja da baya, injin ya biyo. Ya kauce hagu, gangaren tsakar gida ya karkato da shi hagu. Sai ga Wanzam guda a tsaye a kan turmi, ya tattare riga, kwakwa na gangarawa ƙofar gida.

"Ya san ni! Salamatu, ya ji abin da nake faɗa a kansa!"

Ta zare wayar. Da dariyar mata ta lafa sai ta matso ta yi ƙasa da murya, don ita kam tausayinsa take ji.

"Don Allah ka tsallaka wurin Seidu ya nuna maka. Yaron nan yana da ladabi, ba zai faɗa wa kowa ba."

"Ni? In tambayi yaron da ni na yi masa kaciya? Da hannun nan na riƙe shi yana tsala ihu!"

Maimakon haka ya koma wurin Issaka, wanda ya gaya masa wuta ba ta kama mai takalmin roba. Nan take ya samo takalmin taya mai kaurin bulo, ya dawo yana taku ɗaiɗai. Ya ce yanzu ko tsawa ce ta sauko sai dai ta gaishe shi ta wuce.

Juma'a da hantsi gindin darbejiya ya cika. Dattawa goma sha ɗaya a kan benci, mata a bakin shaguna, direbobin trotro sun rage gudu suna leƙe. An jawo doguwar waya daga soket ɗin firij ɗin Hajiya, an bi da ita ta reshe. Seidu ma ya kashe kaset ya fito ƙofar shagonsa.

Alhaji Iddrisu ya iso cikin farar shadda. Ya ga taro, ya ga waya, ya ga abin da ke kan buzu, sai ya ja ya tsaya.

"Ziblim, mene ne wannan?"

"Abin da ranka yake so ne, Alhaji. Ba sai ka faɗa ba." Ya juya ga jama'a. "Ku dubi namiji! Alhaji Iddrisu da ya hau jirgin sama zuwa Makka bai ƙifta ido ba, shi ne zai ji tsoron ɗan ƙarfen nan?"

Jama'a suka ce a'a, ina! To bayan wannan wa zai iya juyawa? Alhaji ya zauna a kan tabarma, ya cire hula a hankali. Ziblim ya ga gwiwar Alhaji na rawa, ya ce a ransa ɗoki ne.

Sai ya zo hawa tabarma. Shekara ashirin da biyu bai taɓa tsayawa a kan Alhaji da takalmi ba, don haka ya tuɓe takalmin taya ya jera su gefe guda.

"Maigida, takalman!" Salamatu ta ƙwalo masa kira daga cikin mata.

"A kan tabarmar Alhaji? An gaya miki ba ni da tarbiyya?"

Ya yi bisimilla ya fara yadda ya saba. Ya ɗebi ruwa ya jiƙa kan sharkaf, har yana gangarowa tabarma. Ya murza sabulu, ya murza, sai da kan Alhaji ya koma fari tas. Sannan ya miƙa masa tasar ruwa ya riƙe a cinya, kamar kowace Juma'a.

Seidu ya tsallako da sauri. "Baba Ziblim, yi haƙuri, shi wannan ba a jiƙa..."

"Koma shagonka, ɗana. Yau ranar kallo ce a wurinka, kyauta."

Ya rufe ido ya danna. Injin ya ɗauka. Ya buɗe ido ɗaya ya ga bai mutu ba, sai ƙarfin hali ya zo masa har ya yi yawa. Ya ɗaga injin sama ya nuna wa gabas, ya nuna wa yamma, aka yi tafi. Ya kafa shi a goshin Alhaji ya tura.

Haƙoran da aka wasa a dutse ba yanka suke ba, tsiga suke. Alhaji ya ce "Innalillahi," ya ƙanƙame tasa. Ziblim ya ƙara turawa. Hanya ta buɗe daga goshi zuwa tsakar kai, a karkace, da 'yan tsibirai a ciki. Kumfa da gashi suka cushe bakin injin, kukansa ya koma gurnani.

"Ya ƙoshi ne," in ji wani direba.

"Numfashi yake," in ji Ziblim.

Abin da ya biyo baya ba da shawararsa aka yi ba. Shekara talatin, duk sanda aska ta ɗauki kumfa, hannunsa tasa yake kai ta ya ɗauraye. Bakinsa na can yana yi wa direba bayani, hannun ya yi aikinsa. Ya tsoma injin, yana kunne, cikin tasar da ke cinyar Alhaji.

Jama'a! Wanda bai ga rawar nan ba bai ga komai ba. Ziblim ya miƙe a kan yatsun ƙafa, baki buɗe, yana wata irin ƙara da ba ta Hausa ba ce ba ta yarensu na Dagbani ba. Alhaji, mutumin da sai an kama shi yake tashi daga tabarma, ya yi sama da kansa. Tasa ta tashi ta kife a kan dattijo na uku. A shagon Hajiya wani abu ya ce fau, hayaƙi ya fito, firij ya yi shiru. Wannan fau ɗin ne ya cece su, don da shi wuta ta ɗauke.

 Ziblim na zaune daɓas a ƙasa, gemunsa a tsaye. Ya dubi jama'a, ya share baki.

"Wannan shi ne kashi na farko," ya ce.

Wurin ya fashe. Direbobi na dukan jikin mota, mata na faɗawa kan juna. Hajiya Zuera ta fito da zani a ɗamare tana kiran firij ɗinta kamar an yi mata rasuwa, tana cewa ita ta ga ta kanta da ta bar mahaukaci ya jingina da shi. Salamatu ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na motsi, ba a san kuka take ko dariya ba.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya shafa hanyar da ke kansa, ya dubi rana. An kusa kiran farko. Hula za ta rufe, amma wurin alwala dole ya cire ta a gaban kowa.

"Ɗauko askarka ka gyara ɓarnarka."

Ziblim ya rarrafa ya zaro aska. Ya ɗaga ta, sai ga ta tana karkarwa, tana walƙiya a rana. Ya riƙe hannun da ɗaya hannun, duka biyun suka kama. Alhaji ya bi askar da ido, ya janye kunnensa.

"Tsaya. Wai wa ya ce maka ina son inji?"

"An gan ka a shagon Seidu, Alhaji. Ranar Talata."

"Wasiƙar ɗana ya karanta mini, da Turanci aka rubuto ta! A bakin ƙofa na zauna, na riƙe hulata da hannu biyu don kada abin ya zo kusa da ni. Duk Nima babu mai tsoron injin nan kamata. Da ka bar ni, da har in mutu askarka ce."

Ziblim ya sake gwada ɗaga askar. 

Seidu ya durƙusa gefen tabarma. "Alhaji, lokaci na tafiya. In ka yarda, minti uku."

Alhaji ya dubi askar da ke rawa, ya dubi shagon katako, ya yi ajiyar zuciya. Aka tsallaka da shi, taro na biye. Ya zauna a kujera yana karanta duk abin da ya zo bakinsa, dattijo ɗaya riƙe da hannun dama, ɗaya da na hagu. Seidu ya goge kan da tawul har ya bushe, ya kunna injinsa, ya ɗora a hankali. Alhaji ya runtse ido yana jiran mutuwa. Karatun ya yi ƙasa, ya yi ƙasa. Kafaɗunsa suka sauka. Kafin a kai bayan kunne sai aka ji minshari.

Da aka tashe shi ya shafa kai, ya dubi madubin gaba, ya dubi na baya.

"Ka gama? Yaushe ka fara?"

Ya hango Ziblim a bakin taga, ba takalmi, ya leƙo da rabin fuska.

"Ziblim, Allah ya saka maka da alheri. Shekara guda ina zagaye shagon nan don gudun abin nan. Bayan abin da ka yi mini yau, babu injin da zai sake ba ni tsoro a duniya. Seidu, Juma'a mai zuwa da hantsi."

Ya sa hula ya nufi masallaci. Dattawa suka dubi juna. Na farko ya zauna a bencin Seidu ya cire hula, na biyu ya bi shi, haka har bencin ya cika, sauran suka tsaya a tsaye da huluna a hannu. Ziblim ya bi kawunan nan da kallo. Babu wanda bai san lotsawarsa da tudunsa ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har idonsa ya kawo ruwa, ya ce hayaƙin firij ne.

"Baba Ziblim, shigo daga rana," in ji Seidu.

"Ba koyo na zo ba. Kuskurenka nake dubawa."

"Yoo, Baba. To matso ka gan shi da kyau. Ka ga babban yatsa, a nan ake ɗora shi. Daga ƙeya ake farawa, a yi sama."

Ziblim ya waiga hagu, ya waiga dama. Ya goge tafin hannunsa a riga, ya tsallaka dokin ƙofa, ya sunkuya har gemunsa na taɓa kafaɗar Seidu.

"Sake yi a hankali," ya ce. "Ban ga kuskuren ba tukuna."